Shirun Inna Tasalla

Tun da aka kawo sabuwar doka, mutum goma sha biyun da ke yanke hukunci ba sa ganin mai shaida. Na'ura ce ke maimaita musu maganarsa, ta tace kuka da rawar murya.

Ranar shari'ar direban da ya kaɗe mijinta, Inna Tasalla ta tambayi lauyarta, "'Yar nan, to yaya za su san na yi rashi?"

"Inna, na'urar ba ta iya tace shiru."

Alƙali ya ce ta faɗi sunan mamacin. Shekara arba'in ba ta taɓa kiran sunan Malam ba. Ta sunkuyar da kai, na'urar ta yi tsit tana jira.

Can bayan labule, wata cikin sha biyun ta ce, "Allah sarki."