Tela da Gaurakin Fadama

Bari in ba ka misalin wani tela, dattijo, wanda ba abin da ke ɗebe masa kewa kamar kallon tsuntsaye. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya hau kekensa ya nufi gandun dajin bayan gari, inda aka hana farauta, ya zauna gindin giginya a bakin fadama. Ga dinya, ga zalɓe, ga balbela, amma shi ransa yana kan wasu gauraki biyu, mata da miji, masu sauka can hayin ruwa suna rawa, tukkunsu yana ƙyalli. Sai dai allura ta ci masa ido, dishi-dishi yake hango su, su kuwa ko tari ya yi sai su tashi. Abin yana ci masa rai. Sai ya fara zuwa da dawa a aljihu yana watsa musu, kowane mako ya matso da ita kaɗan. Mai gadin dajin ya gan shi, ya ce, "Baba, ka bar musu tsoronsu. Shi ke tsaron su, ba ni ba." Tela ya yi murmushi kawai, a ransa ya ce yaro bai san ƙauna ba. Kafin rani ya fita gauraki suna tsince dawa a gaban takalminsa, har ya ga fari da ja na kumatunsu. Ran nan da waƙa ya koma gida, shi da ba ya ko kaɗa kai.

Wata Juma'a ya zo ya watsa dawa, shiru. Ya bi bakin ruwa yana dubawa, sai ya tarar da dawar da ba tasa ba, da guntun igiyar tarko, da gashin tsuntsu warwatse cikin taɓo. Wani mai kama gauraki yana kai wa masu son ado a tsakar gida ne ya biyo ta wurin. Tsuntsayen da a da ba mai iya kusantar su, da ƙafarsu suka je masa, don sun koyi cewa hannun mutum abinci yake bayarwa. Tela ya koma gindin giginya ya zauna, baƙin ciki ya rufe shi, don ya san shi ya koya musu. Ya ɗaga kai ya dubi hayin ruwa, ko dishi-dishin nan da ya raina babu. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.