Karfasar Tasalla

Tun da ruwan kogi ya ɗau zafi, karfasa ta daina ƙyanƙyashe 'ya'ya mata. Shekara da shekaru masuntan Yawuri mazan karfasa kawai suke kamawa, su ma suna ta ƙarewa. Sai Dakta Tasalla, 'yar Inna Kande mai bandar kifi, ta tafi tekun ƙanƙara can ƙarshen duniya, ta samo wani abu a jikin kifayen can, aka haɗa da irin namu aka zuba a kogi.

Wata ranar kasuwa Inna Kande ta gangara bakin ruwa, ta tarar an yi cincirindo a kan jirgin Barmo masunci.

"Inna, zo ki ga aikin 'yarki!" in ji Barmo. "Karfasa mace ce, bakinta fal ƙwai!"

Inna ta taɓa ta da yatsa, hawaye ya cika mata ido. Barmo ya mayar da ita ruwa, ya miƙo wa Inna wani ƙaton namiji daga sabon irin.

Nan take ta sa wuƙa ta farke shi. Jininsa ya gangaro fari tas kamar ruwan randa, ga sanyi har cikin ƙashi.

"Inna, anya wannan zai ciwu?" wata mata ta tambaya.

Inna ta ɗauraye hannunta, ta ce a hura mata wuta.

"Ni na haifi wadda ta yi shi. Ni zan fara ci."