Lambar Yabon Phulwati

"Ja lulluɓin har haɓa, kuma kada na ji bakinki," in ji Bhanwar, yana tura ni cikin rumfar taro.

Motar wata ƙungiyar tallafa wa mata ta iso daga birnin Jaipur, an kawo wa Phulwati, shugabar majalisar ƙauyenmu, lambar yabo. Doka ta ware kujerar ga mace, shi ya sa Bhanwar ya tsayar da matarsa takara. Hatimin majalisar kuwa a aljihunsa yake kwana.

Madam Ingrid, Baturiyar da ke koya wa mata shugabanci, ta rungume ni tana hawaye. Mai yi mata tafinta ya ce, "Ta ce sau uku tana ba ki horo, ko cikin mata dubu za ta gane ki. Me horon ya canza miki?"

"Komai," Bhanwar ya amsa. "Kunya gare ta, Madam."

Aka tafa. Aka ɗaga hannuna sama, aka ɗauki hoto. Motar na juyawa Bhanwar ya karɓe lambar daga hannuna.

A tsakar gida surukata ta tare ni. "Cire mata zaninta ki ninke, 'yar nan, kada ki sa masa miya."

Na ninke, na mayar cikin akwatin Phulwati. Wata takwas ke nan da ta rasu wajen haihuwa, a kan amalanke, ba a kai asibiti ba. Ni matar ƙanin Bhanwar ce. Horo na farko kaɗai ta je, sauran biyun ni na zauna.