Hancin Mai Haɗa Turare

Kana ƙorafin likitocin yanzu sun fi alƙali tambaya. To, saurari wannan misali.

An yi wani mai haɗa turare wanda hancinsa ne jarinsa. Ana dab da Salla mura ta toshe masa kogon hanci, har ya kasa bambance miski da man gyaɗa, ga kuma kayan amare suna jiransa. Ya tafi wurin wata likita ɗauke da sunan kafson da ya warkar da maƙwabcinsa, domin a kasuwarsu maganin da ya yi wa mutum ɗaya rana, layin gaba ɗaya ake zagayawa da shi kamar goron ɗaurin aure. Ta duba shi, ta ce yawancin irin wannan ciwo da kansa yake tafiya, ta sallame shi da ruwan gishiri na wanke hanci da maganin ciwon kai. Ya fito yana cewa wannan karatu kam bai wahalar da mai shi ba.

Ya ɗan ji sauƙi, sai ciwon ya dawo da zazzaɓi, kunci yana zugi, majina ta yi kauri, ya koma wurin likitar. Sa'annan ne ta ce lokacin maganin kashe ƙwayoyin cuta ya yi, ta jera masa uku a baki. Na farko amoksisilin, wanda aka saba farawa da shi. Na biyu doksisaikilin, na waɗanda jikinsu ba ya shiri da na farkon. Na uku mai ƙarfi ne, amma ɓarnarsa ba kaɗan ba, ba a fito da shi sai an rasa mafita. Shi dai na ukun yake so, don an ce mai ƙarfi. Ita kuwa tambaya ta yi: "Baba, an taɓa yi maka allurar fenisilin?" Ya ce sau ɗaya, kuma ranar leɓensa ya kumbura, numfashi ya yi wuya, amma 'yan gida sun tabbatar kambun baka ne. Ba ta yi musu da 'yan gida ba. Ta soke na farkon, wanda danginsu ɗaya da allurar, kuma shi ne kafson maƙwabcin. Ta ba shi na biyu, ta ce ya sha da ruwa mai yawa, ya raba shi da nono, kada ya tsaya rabin hanya.

Hancin ya buɗe kafin Salla. Abin da ya fara shaƙa warin kwatar bayan kasuwa ne, ya tsaya a kanta yana hamdala.

Hausawa dai sun ce, matambayi ba ya ɓata.