Kwanon Maɗinki a Wurin Ciyayya

"Wai don Allah miyar gidan wa ce wannan, da ko gishiri bai leƙa ta ba?"

Wata amarya ce ta jiyo wannan tambaya ta bayan katanga, tana ɗauraye tukunya. Mai tambayar mahaucin unguwa ne, miyar kuwa tata ce. A layinsu, in an idar da sallar magariba, kowane gida yakan fito da kwanon tuwo, magidanta su baje tabarma su ci tare, hannu na yawo daga wannan kwano zuwa wancan. Ciyayya ke nan. Mijinta maɗinki ne, mutum mai jiki, mai son daɗin baki. Wata rana jiri ya ɗebe shi a kan keken ɗinki, aka kai shi asibiti, aka ɗaura masa abin awo a dantse, likita ta ce hawan jini ne. Ta ce ya riƙa shan ƙwaya kullum ko da yana jin garau, ya rage gishiri da dunƙule, in ba haka ba ɓarin jiki na iya shanyewa. Haka mahaifinsa ya ƙare, a kwance, sai an juya shi. Maɗinki ya ja kunnenta kada kowa ya ji, kar a ce ya tsufa. Don haka ta haɗiye gorin mahauci, ta ci gaba da miyarta salam. Tun da kwano yana dawowa a suɗe tas, ai da sauƙi.

Amma duk ranar awo, jini yana nan a sama bai motsa ba. Har ma'aikaciyar jinya ta kalle ta ta saman tabarau ta ce, "Amarya, anya ba kya tausaya masa da ɗan dunƙule?" Ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Ran nan da magariba ta laɓe a zaure ta leƙa ta tsagar ƙofa. Sai ga maigida ya tura kwanon gidansa gaban wani tsoho wanda goro da taba suka daɗe da kashe masa harshe, yana cewa, "Baba, bismillah, albarkacin manya." Shi kuwa ya naɗe hannun riga ya nutsa cikin miyar gidan mahauci, wadda in ka ɗiga ta a ƙasa akuya za ta zo lasa. Ashe duk wahalar da take sha, jinin tsoho take yi wa magani.

Ta koma ciki tana tunani. Mutumin da ko sunansa ba ta iya kamawa, ta yaya za ta tsare shi da maganar kwaɗayi? In ta roƙi matan maƙwabta su rage gishiri, ta tona ciwon da aka ce ta rufe. Sai dai ita a gidan masu daddawa ta tashi, ta san abin da ke sa miya magana. Ta ɗauko turmi ta daka daddawa da citta da masoro da tafarnuwa da busasshen kifi, ta zuba gishiri daidai yadda suka saba, ta ƙulla a leda ta bi gida-gida da kanta. Ko'ina maganarta ɗaya ce, ita ma a hankali: "Yaya, ga ɗan dakan miya. Da gishirinsa a ciki, kada ki ƙara." Wa zai ƙi abin da ya hutar da shi daka? Ƙamshi ya cika layi, mata suka fara aiko da robobinsu tun bai ƙare ba. Ita kuma duk sabon daka sai ta rage gishirin da ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ta ƙara citta. Matar mahauci ce kaɗai ta taɓa tsayawa tana tanɗar baki. "Ƙanwata, kamar da saura?" Amarya ta ce, "Ƙamshin ne ya danne shi, Yaya." Kafin damina ta fita, harsunan layin nan duk sun manta da inda suka fito. Har aka kawo musu abincin biki daga wata unguwa, mahauci da kansa ya ture kwano ya ce mutanen can ba su san tsoron Allah ba wajen gishiri.

Da aka koma awo, jini ya sauko. Ma'aikaciyar jinya ta sake ɗaurawa don ta tabbatar, sannan ta ce su ci gaba da duk abin da suke yi. A hanyar gida maɗinki yana tafe yana baza babbar riga, ya waiwayo ya ce, "Kin ga likitocin nan da tsoratarwa ko? To bari ki ji, ni tun farko ba miyarki nake ci ba, ta gidan mahauci nake kwasa. Ga shi jini ya kwanta. Ƙwayar nan ita ce magani, ita kam ba na fashi."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. In ta faɗa masa, gobe zai fita da ƙullin gishiri a aljihu. In ta faɗa wa matan, jibi hannu ya koma gidan jiya. Sai ta ce, "Haka ne, Maigida," ta ƙudurta a ranta ko mahaifiyarta ba za ta ji wannan ba. Shi yana gaba yana murnar ya yi wa mata da likita wayo, ita tana baya tana tunanin cittar gida ta kusa ƙarewa.

Dama Hausawa sun ce, gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.