Ranar da Tsohon Babur Ya Tashi

Tana ninke kaya a ɗaki ta ji babur ɗin ya tashi. Tsohon babur ne na surukinta marigayi. Tun tana da ciki maigidanta ya kwance shi a tsakar gida, yau ya sauya fistin, gobe ya fesa wa tanki fenti, har salansa da hannunsa ya ƙera.

"Kai, kashe abin nan, za ka kurmantar da mu!" in ji surukarta daga waje, sai kuma ta rufe bakinta da hannu. Ba a faɗin wannan kalma a gidan. Tun haihuwarsa ɗan nasu bai taɓa waiwayar kira ba, ko tafi, ko faɗuwar tukunya.

Ta fito a guje ba ɗankwali, yaron a kafaɗa yana tsala ihu.

"Baban yaro, kar ka kashe! Barci fa yake, ya zabura! Mama, ya ji! Wallahi ya ji!"

Maigidan ya daskare, hannu duk baƙin mai.

"Me kake kallo? Ba shi wuta!" in ji surukar.

Ya murɗa totur. Yaron ya juyo, yana neman inda ƙarar take.