A Ce Ɓera Ne

Mai gyaran wuta ya buɗe soket ɗin kicin, ya yi tsaki. Wayoyi ne tsirara, an naɗe su da leda maimakon salatif.

"Wane mugu ne ya yi wannan aikin, Mama?"

Tsohuwar ta dubi falo, inda mijinta ke gyangyaɗi.

"Maigidan ne, da hannunsa. Tun ina amarya firji ke jana, na saba kama shi da tsumma. Amma jikata ta fara rarrafe." Ta sassauta murya. "Gyara, ɗan nan. In ya tambaya, ka ce ɓera ne."

Yana gamawa tsohon ya farka. "Me ka gano?"

"Ɓera ne, Baba."

"Sai da na faɗa mata! Ba ta rufe abinci."

Tsohuwar ta ninke tsumman, ta ajiye.